Tsayuwa a Kufan Garlemald: Tarken Tarihin Birnin da Ba a Bari Mun Ci da Yaƙi Ba

Shekara 11 masu buga Final Fantasy XIV suka yi suna jin sunan Garlemald ba tare da sun taka ƙasarsa ba. Tun fitowar wasan a 2010, da sake gina shi da kamfanin Square Enix ya yi a 2013 bayan zubin farko ya gaza karɓuwa, wannan birni ne tushen kusan kowace masifa ta cikin labarin. Daga can ake turo rundunoni, daga can jiragen yaƙi suke tasowa, daga can umarni yake zuwa a ƙone gari ko a rushe wurin bauta. Duk wanda ya saba da labaran jarumta ya san alkawarin da aka yi masa a fakaice: wata rana zai tsaya a ƙofar birnin da makami a hannu, ya fasa ganuwa, ya kutsa fada, ya tuɓe sarki. Da kashin Endwalker ya fito a Disamban 2021, aka kai mu ƙofar, sai muka tarar babu ganuwar fasawa. Birnin ya riga ya cinye kansa, dusar ƙanƙara tana sauka a kan toka.

Wannan saɓa alkawari shi ne abin da nake son yi wa tarke. Ra'ayina shi ne, marubutan, ƙarƙashin jagorancin Natsuko Ishikawa, sun yi abin da ba kasafai labarin yaƙi yake yarda ya yi ba, wato sun tilasta wa mai nasara zama cikin jimamin wanda ya zalunce shi. Amma sun biya kuɗin wannan nasara da wani abu mai tsada, kuma ba na jin ya kamata a yafe musu bashin don kawai sun sa mu hawaye.

Na san cikin masu karatu akwai wanda zai ce me ya haɗa nazarin adabi da wasan kwamfuta. Amsata gajeruwa ce. Ɗalibin adabin Larabci ya san al'adar mawaƙan Jahiliyya ta buɗe ƙasida da tsayuwa a kan kufai, mawaƙi ya ja linzamin raƙuminsa a inda masoya suka taɓa kafa zango, ya karanta abin da ya wuce daga alamun murhu da turakun tanti. Ya kuma san marsiyyar birane, irin wadda Abul Baƙa'i ar-Rundi ya yi wa garuruwan Andalus a ƙarni na 13. Garlemald na Endwalker tsayuwa ce a kan kufai. Bambancin kawai, a nan mai karatu ne yake riƙe da linzamin, kuma kufan na abokin gabansa ne.

Tarihin birnin, kamar yadda wasan ya rarraba shi a bakin taurarinsa, ya faro ne da kora. Garliyawa mutane ne masu wani ido na uku a goshi, waɗanda halittarsu ta hana su sarrafa sihiri a duniyar da kowa yake da rabonsa a ciki. Asalin mazauninsu yankin Corvos ne mai ni'ima a kudancin nahiyar Ilsabard. Kimanin shekara 800 kafin lokacin labarin, maƙwabta masu sihiri suka fatattake su zuwa arewa, ƙasar da sanyi yake kisa. A can suka tarar da ceruleum, wani shuɗin mai da ke ƙarƙashin ƙasa, suka rayu da ɗuminsa, suka kafa 'yar ƙaramar jamhuriya wadda ba wanda ya damu da ita. Ƙasar da suka baro kuwa suna kiranta Locus Amoenus. Marubutan ba su zaɓi sunan nan da ka ba, domin a adabin Latin kalmar tana nufin wuri mai daɗi, kuma masana suna amfani da ita ga wancan sanannen hoton na waƙoƙin makiyaya: inuwa, ƙorama, ciyawa, iska mai sanyi. Ke nan gidan da Garliyawa suke bege tun asali siffa ce ta waƙa. Babu mai rai a cikin waɗanda aka kora, ba wanda ya san kakan da ya ga korar, amma begen yana nan ɗanye kamar jiya aka yi.

Sai wani matashin soja mai suna Solus Galvus ya bayyana. Shi ya mayar da man ɗumama ɗaki ya zama man injinan yaƙi, fasahar da suke kira magitek, wadda ta ba marasa sihiri ƙarfin da ya rinjayi na masu shi. Ya hau matakan mulki har ya rushe jamhuriyar ya naɗa kansa sarkin sarakuna a shekarar 1522 ta lissafin duniyar wasan. Bayan cin Ilsabard, aka tsallaka gabas aka ci Doma da Dalmasca, aka juyo yamma aka ci Ala Mhigo. Doma ta yi shekara 25 a ƙarƙashinsu, Ala Mhigo ta yi 20. Daular ta haramta addinan waɗanda ta ci, bisa hujjar cewa bauta ce take kiran gumaka masu rai da ke tsotse albarkar ƙasa. Ta kuma cusa matsayin kowa a tsakiyar sunansa: zos na sarki, van na babban kwamanda, pyr na ƙaramin hafsa, har a gangaro kan aan, lakabin mutanen da aka ci da yaƙi waɗanda ba su da 'yancin ɗan ƙasa. A Garlemald mutum ba ya iya faɗin sunansa ba tare da ya faɗi wanda yake samansa da wanda yake ƙasansa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna na yi lissafi shi ne gajartar abin. Daga naɗin Solus zuwa rushewar birnin ba a cika shekara 60 ba. Dattijon da mai wasa zai tarar yana rawar ɗari a kufan yana iya girme wa daular da yake kuka a kanta. Shekara 800 na ƙasƙanci, ƙasa da 60 na izza, kuma wannan rashin daidaito shi ne mabuɗin halayyar mutanen birnin. Ba su taɓa samun sukunin ɗaukar kansu azzalumai ba, domin a zuciyarsu har yanzu su ne korarru.

Faɗuwar kuwa ba a nuna mana ita ba, labarinta muka ji. Yarima Zenos ya kashe mahaifinsa, Sarki Varis, jikan Solus. Rundunoni suka rabu kan wanda zai gaji gadon, aka yi ta yaƙi a titunan babban birnin, wani makirin halitta mai suna Fandaniel yana hura wutar ta ɓangarorin biyu. Sannan wata rana wata ƙara ta fito daga fada, ta juyar da hankalin mafi yawan mazauna, suka zama bayi marasa tunani, suka tattara ƙarafan birninsu suka gina hasumiyar Babil a kan fadar. A cikin hasumiyar akwai Anima, gunkin da aka ƙera daga gawar Varis, wanda yake rayuwa da addu'ar mutanensa ta neman sarki ya cece su. Al'ummar da ta ƙone wuraren bautar wasu don hana kiran gumaka ta ƙare da kiran nata, kuma kishin ƙasa ne ya zama mata addinin. Wannan baƙar magana ce mai kaifi, ko da yake wasan ya ɗan yi saurin wuce ta.

Inda rubutun ya kai ƙololuwa shi ne abin da ya biyo baya. Ƙasashen da daular ta taɓa yaƙa suka haɗa ayarin agaji, ƙarƙashin Lucia, wadda ita kanta haifaffiyar Garlemald ce da ta sauya sheƙa. Mai wasa ya shiga cikinsu da zuciya ɗaya, ya saba duk inda ya je a tarbe shi da kirari. Mutanen farko da ya tarar su ne wasu 'yan gudun hijira a wani tsohon gidan masu hali a wajen gari. Ya yi musu 'yan aikace-aikace irin waɗanda ya saba yi wa kowa, wata matashiya mai suna Licinia tana yi masa godiya da baki. Ashe tsoro ne yake magana. Da ta sami sarari sai ta ja 'yar'uwarta marar lafiya suka tsere cikin ƙanƙara, domin a wurinta faɗawa hannun "dabbobin" kudu masu sihiri ya fi mutuwa muni. Mai wasa ya bi sawunsu, ya tarar da gawarwaki biyu da rediyo a gefe.

Na buga wannan wuri ne da dare a kwamfutar yayana, cikin hunturu, kuma na tuna na cire hannuna daga madannai na jima ban taɓa komai ba. Ba a ba ni zaɓin da zai cece su ba, kuma na gane cewa da an ba ni, da an ɓata darasin. A cikin ɗaruruwan sa'o'in da suka gabata wasan ya koya mini cewa alheri kuɗi ne da ake karɓa a kowace kasuwa: ka taimaki mutum, ya amince da kai. A Garlemald aka ƙi karɓar kuɗin. Sojojin da na yi ta karkashewa tun daga farkon labarin, waɗanda ban taɓa ganin fuskokinsu ba saboda kwalkwali, 'ya'yan waɗannan mutane ne da mazajensu. Littafi yana iya gaya wa mai karatu cewa jarumin wani dodon wani ne. Wasan ya fi ƙarfin haka, domin yatsun da suka yi kisan nawa ne.

Rediyon nan ya cancanci a tsaya a kansa. A zahirin labarin, wani sinadari da ke cikin akwatunan ne ya kare waɗanda suke kusa da su daga ƙarar da ta haukata saura. Abin da yake fitowa daga cikinsu kuwa tsohuwar waƙa ce ta begen ƙasar asali. Saboda haka abu guda ne ya tsare hankalin waɗanda suka tsira, kuma shi ne ya ɗaure su ga tatsuniyar da ta kai su ga halaka. Ban san wata alama a wasan gaba ɗaya da ta ɗauki nauyi biyu masu karo da juna cikin sauƙi irin wannan ba. Mai tsara kiɗan, Masayoshi Soken, da abokan aikinsa sun bar sautin da ƙarar tsohuwar na'ura, yadda ko da daɗinsa ya kama ka, ba za ka manta cewa daga akwati yake fitowa ba.

Daga nan aka kai mu Tertium, tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, inda ragowar Runduna ta Ɗaya da fararen hula suke kwana cikin taragun da ba za su ƙara motsi ba. A nan tarihin birnin ya koma mafarinsa. Daular da ta yi amfani da ceruleum ta tayar da jiragen da suka rufe sararin samaniyar nahiyoyi, yanzu mutanenta suna neman ɗan abin da zai kunna na'urar ɗumama tarago. Akwai wurin da mai wasa, wanda ya kashe alloli da dodanni, yake shiga tafkin wani wurin shaƙatawa cikin ruwan ƙanƙara yana lalube ko zai sami tankin mai. Duk wanda ya taɓa yawo da jarka a daren da mai ya yi wuya ba ya bukatar a fassara masa wannan. Marubutan sun bar gine-ginen tarihi, majalisar dattawa da dandalin da aka sa wa sunan Solus, a matsayin baraguzan da ake wucewa, suka ɗora tarihin a kan sanyi da mai, abubuwa biyun da aka kafa birnin a kansu tun farko.

Shugaban Tertium, Quintus van Cinna, shi ne mutumin da aka fi gina wa hujja. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma maƙaryaci ba. Tambayar da ya jefa wa baƙinsa tana da nauyi: idan da gaske zaman lafiya suke so, me ya hana su karɓarsa a lokacin da daular ta miƙa musu shi ƙarƙashin tutarta? A ganinsa kowa yana son haɗin kai ne muddin shi zai rubuta sharuɗɗan, kuma agajin da aka kawo sarƙa ce da aka naɗe da bargo. Ya sa aka ɗaura wa tagwayen nan, Alphinaud da Alisaie, ƙwanƙwaman azaba a wuya alhali magani suka zo yi wa mutanensa. Da labari ya zo cewa rundunar da yake jira ba za ta zo ba, har ma ta nemi taimakon abokan gaba, sai ya sallami sojojinsa daga aiki, ya kaɗaice, ya harbe kansa a gaban tuta. Wasan bai yi masa ado ba, bai kuma yi masa dariya ba. A gefensa aka ajiye matashi Jullus pyr Norbanus, wanda ya kashe iyalinsa da hannunsa bayan hankalinsu ya juye, wanda kuma kofin miya mai zafi a sansanin abokan gaba ya karya shi ya fashe da kuka. Dattijon ya ƙi ɗumin, yaron ya karɓa, kuma ba a ce mana ɗayansu ya fi ɗaya son ƙasarsa ba.

To, ina bashin da na ambata?

Tun a ƙarshen kashin Stormblood aka bayyana cewa Solus ba mutum ba ne kamar kowa. Emet-Selch ne, ɗaya daga cikin tsoffin halittun da ake kira Ascian, wanda ya shiga jikin matashin ya gina daular da gangan don ta zama injin haddasa fitina a duniya. A matsayin juyin labari abin ya yi armashi, kuma ya haifar da kyakkyawan kishiyantawa. A Shadowbringers na 2019 mun ga wannan Emet-Selch ya sake gina Amaurot, birninsa na asali da ya hallaka dubban shekaru da suka wuce, a ƙarƙashin teku, titi bayan titi, har da inuwoyin mazaunansa suna bin layi a ofisoshi. Magini ɗaya, birane biyu: ɗaya ya raya shi daga ƙwaƙwalwa saboda ƙauna, ɗayan ya gina shi da duwatsu da jinin mutane ya watsar kamar tsumma. Garlemald maraya ne tun ubansa yana raye.

Sai dai wannan kyan yana da illa. Da zarar an ce shaiɗani ne ya kafa daular, an buɗe wa kowane Bagarliye ƙofar fita. Wanda ya sa hannu a takardar ƙwace gonakin Ala Mhigo, da wanda ya haɗa iskar gubar da suke kira Black Rose, da matar da ta ji daɗin arahar kayan da aka kwaso daga Doma, duk suna iya cewa yaudararsu aka yi. Juyar da hankalin da hasumiyar ta yi ya ƙara faɗaɗa ƙofar, domin ya mayar da al'umma guda marasa laifi a shari'ance a daidai lokacin da ya kamata a yi musu tambaya. Rushe birnin a bayan fage kuma ya wanke hannun mai wasa: ba a taɓa sa shi ya zaɓi ko zai jefa wuta a unguwar da yara suke ba. An ba shi jimamin kufai, an ɗauke masa alhakin yin kufan. Su ma ƙasashen da aka zalunta an ba su matsayi mafi sauƙin yabo, na mai yafiya da tukunyar miya, ba tare da an bar fushinsu ya yi tsawon da ya cancanta ba. Gaskiya ne akwai masu gunaguni a cikin ayarin, kuma wani reshen labari da ya bi Fordola, 'yar Ala Mhigo da ta yi wa daular aiki, ya taɓo zafin zama da maciya amana bayan 'yanci. Amma wannan a gefe yake, kuma a Ala Mhigo ake yinsa. A cikin Garlemald kansa muryar da ta fi ƙaranci ita ce ta masu lakabin aan. Babban birnin daula ba ya rayuwa sai da masu share shi da masu haƙa masa mai, kuma nasu tarihin birnin dabam ne da na Quintus. An taɓo su nan da can, ba a zaunar da ɗayansu an ba shi fili irin wanda aka ba kwamandan ba.

Wannan ya dame ni ne saboda na san yadda tarihin faɗaɗɗen birni yake karkata ga wanda ya riƙe alƙalami. Abin da muka karanta a makaranta game da faɗuwar Alƙalawa a 1808 yawancinsa daga rubutun waɗanda suka ci birnin ya fito, Gobirawa kuma suna da nasu zancen a baka. A Garlemald an juya abin, an ba wanda ya faɗi alƙalamin, kuma wannan jarumta ce. Amma wanda ya faɗi ɗin ma yana da waɗanda ya taka, kuma su har yanzu suna jiran layi.

Duk da haka akwai wuri ɗaya da nake ganin wasan ya kusa biyan bashin, ta hanyar da shi kaɗai yake iyawa. A wani babi, Zenos da Fandaniel sun sace mai wasa, suka cire ransa suka saka a jikin wani sojan Garlemald marar suna. Duk ƙarfin da aka tara cikin shekaru ya tafi. Babu sihiri, raunin da aka ji ba ya warkewa da kansa, abokin gaba ɗaya da a da ake share shi da bugu guda yanzu yana iya kisa. Haka za a ratsa kufan ana laɓewa, ana tsintar magani a jikin gawarwaki, agogo yana tafiya. An haɗu da wasu fararen hula da suka ɗauki makami, aka yi yaƙi tare, fashewa ta hallaka su, aka ƙare ana jan ciki a kan ƙanƙara. Masu wasa da yawa sun ƙi jinin wannan babi, kuma na fahimce su, ni ma sai da na maimaita shi. Amma a nan ne kaɗai shekara 800 ɗin nan suka daina zama zance. Mutum ya ji a jikinsa abin da ake nufi da zama marar sihiri a duniyar masu sihiri, ya gane dalilin da zai sa al'umma ta rungumi duk wanda ya miƙa mata injin yaƙi, ko da shaiɗan ne. Wannan bayani ne da bai zama uzuri ba, kuma da marubutan sun amince da shi sosai, da ba su bukaci jingina komai ga Emet-Selch ba.

A ƙarin labaran da suka biyo baya an nuna ragowar dattawan birnin suna ƙoƙarin kafa gwamnatin riƙo, har suka ƙulla ciniki da Radz-at-Han, aka kuma yi amfani da hasumiyar Babil don wani aikin ceto. Rubutun a nan ya fi sanyi, ya fi sauri, kamar na wanda yake son rufe littafi. Sai dai tsarin wasan ya yi abin da alƙalami bai yi niyya ba. Da yake dubban mutane ne suke buga shi a lokaci guda, kowa a matakinsa na labari, taswirar ba ta canjawa. Na koma Garlemald watanni bayan na gama, na tarar da wasu masu wasa suna shawagi a kan tsuntsaye da motoci masu tashi, suna farautar dodanni don lada a tsakanin rusassun gidajen unguwar Regio Domorum. Na sauka matakalar Tertium. Taragun suna inda suke, mutanen suna tsugune inda na bar su, har yanzu ana sanyi.